Yau na faɗi a kan ƙarfen

Asabar, ƙarfe sha ɗaya saura na dare, kowa ya kwanta sai ni da rediyo.

Yau dai na faɗi. Bari in fara da wannan dan shi ne abinda zan tuna da ranar nan. Wata mai kamawa ne zan cika shekara 12 da aikin kwatangwalona na dama da aka sa min ƙarfe, Fabrairun 2013 akayi, kuma tun daga lokacin ban taɓa zubewa a kan ɓarin nan da dukkan nauyina ba sai yau da safe, a gaban yaran da na haifi sa'anninsu.

Sanyin asuba yau ba sauƙi, hazo ya rufe ko'ina, da na dawo masallaci har na so in koma bargo amma na riga nayi alƙawarin zuwa tanis, kuma in ban je ba a guruf ɗin WhatsApp za'a kwana ana cewa tsoho ya gudu. Liman na unguwarmu ma ya tsare ni a bakin masallaci da tambayarsa ta duk shekara, wai Alhaji ƙarfen nan baya ɗaukar sanyi? Duk hunturu sai ya tambaya, duk damina kuma sai ya tambaya ko tsawa bata bin sa. Nace Malam yana cikin nama ne, ɗumina shi ne ɗuminsa, yace to Allah ya ƙara afuwa, na san baɗi ma zai sake.

Bibbiyu muka buga, mutum biyu a kowane ɓangaren raga. Zagaye na farko lafiya lau. A na biyu wani yaro, likitan dabbobi ne, mugun hannu gare shi, ya sako min wata gajeriyar ƙwallo dab da raga, ni kuma maimakon in bar masa kamar yadda mai shekara 54 ya kamata yayi sai zuciya ta ɗebe ni na kwasa da gudu, takalmin ya zame a kan ƙurar da iska ta tara a gefen filin, sai jina nayi tim a ƙasa, ɓarin dama, daidai tabon. Wurin yayi tsit. Ni kuma na kwanta ina kallon sama ban motsa ba, zafi ma banji ba a lokacin, saurare nake, jira nake inji wani abu ya ce ƙas ko inga ƙafar ta juya waje yadda ta masu karayar kwatangwalo ke yi. Na motsa yatsu. Na lanƙwasa gwiwa. Na juya ƙafar ciki da waje a hankali. Ba komai wallahi, sai gwiwar hannu da ta ɗaye da wandona da ya yage. Suka rufu a kaina, Baba sannu, Baba kar ka tashi, wani har ya ɗauko mukullin mota wai asibitin ƙashi na Dala zamu. Nace ku ɗaga ni dai, kuma makin nan nawa ne dan ƙwallon ta haye. Bata haye ba.

Abin da ya bani mamaki, a mota ina dawowa sai na lura cewa lokacin da na kwasa da gudun nan sam ban tuna ina da ƙarfe a jiki ba. Ni da a 2012 ba na iya ɗaga ƙafar dama in wanke ta a alwala sai na zauna a kujera na jawo ta da hannu biyu, farcen ƙafa uwargida ke yanke min, hawa mashin kuwa sai an kwantar min da shi gefe kamar za'a ɗora buhu. Asalin abin haɗarin mashin ne tun ina ɗalibi, ya warke a ido, ashe guringuntsin da ke tsakanin kan ƙashin cinya da gurbinsa yana ta cinyewa a hankali har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Kuma ciwon a matsematsi yake, yana sauka har gwiwa, shi yasa na ɓata kusan shekara biyu ina maganin gwiwa, an tsaga, an yi ƙaho, an shafa man da har yau in naji warinsa sai raina ya ɓaci, sai da wani likita yace a ɗauki hoton ƙugu sannan aka ga ta'asar.

Mutane har yanzu basa gane wane irin aiki aka min, kowa cewa yake an canza masa ƙashi. Ba'a canza ba. A canjin kwatangwalo da aka saba, yanke kan ƙashin cinyar ake gaba ɗaya a jefar, a zura wani dogon ƙarfe cikin ɓargon a ɗora masa sabon kai. Nawa kuwa feƙe kan akayi aka kifa masa hular ƙarfe, shi ma gurbin aka sa masa ƙoƙon ƙarfe. Ni dai yadda nake yi wa 'yan uwa bayani, nace kun san haƙorin Makka? To haƙorin na nan, sutura aka yi masa. Nan take suke ganewa. Wani likita a Birmingham ta Ingila, Derek McMinn, shi ya fito da samfurin da ke jikina, a 1997 aka fara sa wa mutane, shi yasa ma ake kiransa da sunan garin. Amfaninsa tunda kan yana nan da girmansa na asali bai cika gocewa ba, shi ne dalilin da yasa nake iya zaman tahiya da tanƙwashe ƙafa a tabarma har da tsuguno in ta kama. A Chennai ta Indiya aka min, na saida filin da na ci gado, lokacin dala na wajen naira 160, yanzu in na tuna sai ince Allah ne ya so ni da rahama ciwon ya matsa min a lokacin, da yanzu ne ko fili uku bazai kai ni ba.

Farkon ba daɗi fa, kar wani ya karanta wannan yace wasa ne. Sati shida ina kan sanduna, wata uku ina sallah a kujera, shekara guda cur likitan ya hana ni gudu da tsalle dan wuyan ƙashin da aka bari yana iya karyewa a watannin farko kafin ya murmure, kuma gashin ƙashi kullum safe da yamma, ɗaga ƙafa gefe, roba a idon sawu, tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Ɗingishin ma bai tafi da ciwon ba, jiki ya saba, sai da mai gashin ta riƙa sa ni tafiya gaban madubi. Ranar da na fara kai goshina ƙasa kuwa a ɗaki ni kaɗai nayi, na rufe ƙofa, kuma gara da na rufe.

Ina isowa gida na lallaɓa na cusa yagaggen wandon ƙasan kwandon wanki na sa riga mai dogon hannu. Ina shan koko sai ga saƙo daga wurin gwaji, sakamakon jinin da na bayar sati uku da suka wuce. Wannan shi ne harajin da nake biya. Tunda ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, akwai ɗan burbushin kobalt da kuromiyam, ƙarafan da aka ƙera hular da ƙoƙon da su, da ke shiga jini, ƙoda ke tace shi, to dole lokaci-lokaci a auna aga bai yi yawa ba, dan in ƙoƙon bai zauna daidai ba gugar na yin yawa har naman wurin ya kumbura ya lalace. Akwai wani samfurin ma, ASR, da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yawan lalacewa, labarinsa ya kusa hana ni tafiya a lokacin. Gwajin kansa rigima ne, ba ko'ina ake yi ba, kwalbarsa daban ce, kuma jinin farko da ya biyo allura zubarwa ake dan ita ma allurar ƙarfe ce zata iya ɓata lissafin, bara sai da na koya wa yarinyar da ke ɗiba, ta kalle ni kamar nazo ƙwace mata aiki. Hukumar lura da magunguna ta Ingila kashi 7 cikin biliyan na burbushin a jini ta sa a matsayin inda za'a fara bincike. Nawa duka biyun basu kai 2 ba, ƙoda ma lafiya. Duk da haka sai da na buɗe takardar da bismillah, hannuna na ɗan rawa, shekara 12 amma ban daina ba. Na tura wa likitan can ta imel, in ya ga dama bayan kwana huɗu zai turo min kalma biyu.

Bayan azahar ɗaurin auren ɗan Baffa a cikin gari. Mun fi awa a zaune kan darduma ana jiran waliyyin amarya, da aka shafa fatiha na miƙe tsam ba dafa ƙasa, abokina na gefe da ya girme ni da wata biyar kacal sai da na ba shi hannu, yace kai dai wannan ƙarfen naka ko za'a ara min. Mukayi dariya.

Dariyar ta ƙare da na shiga cikin gida gaida mata. Ƙanwata ta ja ni ɗaki, 'yarta na zaune bakin gado da sanda a jingine, shekararta 23, sikila gare ta, bara ta gama karatu. Tace Yaya ga 'yarka nan, hoto ya nuna kan ƙashin ya fara mutuwa, mun ce ko irin naka za'a mata tunda gashi kai har ƙwallo kake bugawa. Yarinyar tace Kawu ni dai ko sallah in riƙa yi a tsaye. Wallahi sai naji kunyar tanis ɗin da na buga da safe. Ni ba likita bane amma abinda na sani na faɗa musu, sikila na toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ne har ya rube ya lotsa, ita kuma hular nan sai an samu lafiyayyen ƙashi za'a kifa ta, ba'a sa haƙorin Makka a kan ruɓaɓɓen haƙori. Ga shi mace ce, ƙashin mata ƙanana ne kuma an ga aikin yafi lalacewa a jikinsu, tun 2015 kamfanin da ke yin irin nawa yace a daina sa wa mata, ga batun haihuwa nan gaba da burbushin ƙarfe a jini, ga ƙodar mai sikila da dama lallaɓa ta ake. Naga fuskar uwar ta faɗi. Nace ku tsaya, ai ba shi kenan ba, canjin gaba ɗaya ana yinsa, a nan asibitin ƙashi na Dala ma ana yi, kuma masu shi suna tafiyarsu lafiya lau suna aure suna haihuwa, abinda bana so shi ne a kai ta wurin mai ɗori ya ja ƙafar nan, dan naji wata gwaggo a tsakar gida tana ta kawo sunan wani. Mun tsaida Talata zan zo in ɗauke su da kaina. Ban san ko na kyauta ba da na faɗa a gaban yarinyar ƙiri-ƙiri, tayi shiru ne kawai tana murza bakin mayafi.

A hanya autana da ya ga ina shiru ya buɗe min bidiyon Andy Murray, zakaran tanis ɗin nan na Birtaniya, ya san ina sonsa. Shi ma irin aikina aka masa a Landan a Janairun 2019, a watan Yuni ya ci kofin bibbiyu a gasar Queen's ta Landan, a Oktoba ya doke Wawrinka ya ɗauki kofin Antwerp shi kaɗai, bai ajiye raket ba sai bayan wasannin Olamfik na Paris a 2024. Lokacin da labarinsa ya fito ne mutanen gidanmu suka yarda ba asarar fili nayi ba, wai ashe har Turawa masu kuɗi shi suke yi. Ni na riga shi da shekara shida amma sai da Bature yayi sannan aka gaskata.

Asirina ya tonu bayan isha, uwargida ta zazzage kwandon wanki. Ta shigo da wandon a hannu ta ɗaga shi sama ba tace komai ba, sannan tace naɗe hannun rigar. Na naɗe. Tace Alhaji wani filin gare ka da ban sani ba? Nace ƙura ce ta ja ni. Tace ƙurar ce ta ce ka bi ƙwallo? Ta wanke ciwon da ruwan gishiri da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata, ta danna tabon da babban yatsa tana kallon idona ko zan yamutsa fuska, ban yamutsa ba dan da gaske ba ciwo, sai ɗan tsami a naman. Na nuna mata sakamakon jinin dan in samu sassauci, tace alhamdulillahi, amma raket ɗin na ɗakinta har sati biyu.

Abinda ban gaya mata ba, kuma ban gaya wa kowa ba sai nan, na hagun ne. Wanda ba'a taɓa ba, lafiyayyen. Tun bayan babbar sallah in na daɗe a mota sai inji wani ɗan tsinke a matsematsin hagu, yau ma da na miƙe tsam ɗin nan a wurin ɗaurin aure ana yaba min, shi ne ya ɗan cije ni. Na san muryar ciwon nan, mun zauna da shi shekaru. Wataƙila jijiya ce kawai. Tunda dai Talata zan kai yarinyar nan Dala, in layi bai yi tsawo ba zan yanki kati a ɗauke ni hoton ƙugun gaba ɗaya, dama na dama ma shekara biyu rabonsa da hoto. Yanzu na shafa man zafi a hagun, zan jira warin ya ɗan lafa kafin in shiga ɗaki, dan hancinta ya fi na kowa.