Wasiƙa daga Ingila zuwa ga 'yan uwa a Legas: wa ake ƙirgawa a ƙofar likita?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, ya kasuwa, ya haƙuri da gosulo? Allah ya sa kowa na lafiya.

Maganar asibiti ce ta sa na ɗauki waya nake rubuto muku. Mutane da yawa a gida gani suke nan Ingila da ka ji ciwon kai sai likita, to ba haka abin yake ba. Kowa na da ƙaramin asibitin unguwa da ya yi rajista, likitan wurin suna ce masa GP, ba ka biyan ko sisi, kuma in ba gaggawa ba sai ta hannunsa za ka kai ga babban asibiti. Wahalar ita ce samun ganinsa. Ƙarfe 8 na safe ake buɗe layin waya, kowa ya kira lokaci guda, na'ura na gaya maka kai ne na nawa a layi kana riƙe da waya a kunne kana shirya yara makaranta, kafin a zo kanka sai a ce na yau ya cika ka sake kira gobe.

Gwamnatinsu ta daɗe tana neman yadda za ta auna wannan abu. A 2000 gwamnatin Tony Blair ta yi alƙawarin kowa zai ga likita cikin awa 48, aka riƙa auna asibitocin da wannan ma'auni. Kun san me ya faru? Wasu asibitocin sai suka daina karɓar mai neman a sa masa rana a mako mai zuwa, sai dai ka kira ranar da kake so, don lissafinsu ya fito fes. A takarda an cika alƙawari, amma mai hawan jini da likita ya ce ya dawo bayan mako guda ba shi da hanyar kama gurbi. Sai a 2005 ana dab da zaɓe wata mata ta faɗa wa Blair ido da ido a wani shirin talabijin na BBC, shi kansa ya nuna bai san haka ake yi ba. A 2010 sabuwar gwamnati ta soke ma'aunin gaba ɗaya.

Abin da ya fi amfani a ganina shi ne tambayar marasa lafiya da kansu. Tun 2007 suke da wani bincike da ake aika wa mutane takarda gida, sama da mutum miliyan 2 a shekara, kamfanin Ipsos ke yi wa hukumar lafiya ta NHS. Tambayoyin ba wasu masu wuya ba ne, ka samu an ɗaga waya? an ba ka lokacin da ya yi maka? likitan ya saurare ka? Sannan a sa sakamakon kowane asibiti a intanet kowa ya gani. Shi ma yana da giɓi don yawancin waɗanda ake aika wa ba sa mayarwa, amma dai an tambayi mai ciwon, ba mai riƙe da rajista kawai ba.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne abin ya tsaya min a rai. Muna da hukumar kula da lafiya matakin farko tun 1992, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, Legas kuma na da inshorarta Ilera Eko. Madalla. Amma in aka tashi ba da labari abin da muka fi ji shi ne an gyara asibiti kaza, an yi wa mutum kaza rajista, an kawo gado kaza. Duk wannan lissafin gini ne da na wanda ya riga ya shiga ciki.

Ɗan dako a Mile 12 da zazzaɓi ya kama fa? Kun fi ni saninsa. Tun asuba yake sauke kwandunan tumatur, in ya bar wurin zuwa bin layin kati kuɗin ranar ya tafi, sai ya leƙa kemis ya ce a haɗa masa na ɗari biyar, a yanko masa ƙwaya biyu nan uku can a zuba a 'yar leda, ya kora da fiya wata ya koma bakin aiki. Ba sunansa a littafin kowa. Haka matar da ta je awo sau ɗaya aka yi mata magana da Yarbanci da Turanci ba ta gane ba, aka ɗaga mata murya a gaban mutane, ta koma gida ta ce ita da wurin har abada, ranar haihuwa aka kira ungozoma. A lissafi an rubuta ta zo awo, wato nasara. Wallahi irin wannan ne ke ci min rai, mutanenmu sun fi kowa faɗawa wannan ramin saboda yare da yanayin sana'a da rashin takardu.

Ban ce dole sai likita a kowane ƙaramin asibiti ba, nas da ma'aikacin lafiya na unguwa suna aiki sosai kuma mun san likitocinmu da yawa sun yi japa, wato sun fice ƙasashen waje, wasu ma a nan muke haɗuwa da su. Abin da nake so a riƙa tambaya shi ne awa nawa mutum ya jira, ya tarar da ma'aikaci ko ƙofa a kulle, akwai maganin ko takarda aka ba shi ya je waje ya saya, kuma wanda bai je ba me ya hana shi.

Don haka ina roƙon sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa, Allah ya ƙara muku girma, akwai kwamitin mazaɓa da tsarin ya tanada don sa ido kan asibitin unguwa, a nemi a sa namu a ciki, har da mace mai jin Hausa da Yarbanci. In masu bincike suka zo da takarda ko waya suna tambayar lafiya kar a kore su da zargin haraji suka zo nema, a zaunar da su a gaya musu gaskiya, a kira 'yan dako da matan cikin gida su ma su faɗi nasu. Ku kuma samari masu waya, ba zai gagare ku ba ku riƙa rubuta ranar da aka je aka tarar ba kowa da ranar da aka samu kulawa mai kyau, duka biyun, a kai wa kwamitin duk wata.

A gaida mutan gida da su Hajiya.

Naku, daga Birmingham.