Sakin layin da aka cire daga rahotona

Ƙarshen watan nan nake barin ƙungiyar da na yi wa aikin sa ido kan zaɓe a jihar Tawa, kuma abokan aiki sun matsa in rubuta wani abu saboda yaran da suka shigo bayanmu. Zancen cike takardu da kwana a bayan mota ba sai na yi ba, kowa a cikinku ya san shi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun Disamban 2020.

Ranar 13 ga watan aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da na majalisun jihohi, wanda aka yi ta ɗagawa tun 2016. Rabonmu da irinsa tun Janairun 2011. Ni arewa aka tura ni, yankin da Tiliya da Tasara ke cikin dokar ta-ɓaci tun 2017. A wata rumfar zaɓe da aka kafa cikin aji, wani dattijo Ba'abzine ya miƙa katinsa. Shugaban rumfar, wani matashin malamin makaranta, ya bi jerin sunaye da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, babu. Sunan dattijon yana can rumfar da ke kusa da rijiyarsu, inda suka baro da iyalai da dabbobi saboda 'yan bindiga. Bai yi faɗa ba. Ya mai da katin cikin jakar fatar da ke rataye a wuyansa, ya gyara rawani, ya ce da malamin, "Ɗana, wato yau mu ba 'yan Nijar ba ne." Bayansa akwai wasu masu irin matsalarsa, suna tsaye a rana, suka juya tare.

Na rubuta abin da na gani a sakin layi guda, ba ƙari. Na ce akwai masu kati da gudun hijira ya hana su zaɓe, na nemi mu kai maganar gaban hukumar zaɓe kafin zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga wata. Da rahoton ya fito daga Yamai, sakin layin ya ɓace. A gurbinsa an sa cewa zaɓe ya gudana cikin kwanciyar hankali.

Shugaban aikinmu ne ya cire shi, kuma da na kira bai musa ba. Ya ce, "Ƙanena, ba ka jin labarin duniya? Ba ka ga Tigray ba? A daren zaɓen nan aka kai hari Toumour a jihar Difa, ƙasa na cikin yaƙi, kai kuma kana so mu rubuta da hannunmu cewa arewa ba ta yi zaɓe ba?" Na ce, ranka ya daɗe, ban ce arewa ba ta yi zaɓe ba, na ce wasu ba su samu yi ba. Ya kashe waya. A zagaye na biyu aka ajiye ni ofis ina lissafin takardun man fetur, wanda ya tafi a madadina kuwa ko hanyar yankin bai sani ba.

Har yau ban yarda da misalinsa ba. A Habasha gwamnatin tarayya ce ta ɗage babban zaɓen 2020 saboda korona, jihar Tigray ta ƙi, ta yi nata ranar 9 ga Satumba. Majalisar tarayya ta ce zaɓen haramtacce ne, TPLF, jam'iyyar da ke mulkin Tigray, ta ce wa'adin firaminista Abiy Ahmed ne ya ƙare. Kowane ɓangare ya ƙi halascin ɗaya, ranar 4 ga Nuwamba yaƙi ya ɓarke, bai tsaya ba sai da yarjejeniyar Pretoria a Nuwamban 2022. Can jiha ce ta ɗauki akwatinta ta juya wa ƙasa baya. Dattijon nan namu shi ya tako da ƙafarsa, riƙe da katin da Jamhuriyar Nijar ta ba shi, yana neman a ƙidaya shi. Ina haɗin waɗannan biyu?

Kuma duk ɗan Tawa ya san daga ina majalisun nan suka fito. Bayan kisan Abzinawa da aka yi a Cintabaradan a 1990 da tawayen da ya biyo baya, yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawaye ta yi alkawarin cewa jama'a za su riƙa tafiyar da al'amuran yankunansu da kansu. An daɗe ana jira kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Ashe akwatin nan shi ne aka ba mutanen arewa a madadin bindiga. In suka zo gabansa aka ce babu sunansu, sannan masu sa ido suka rubuta cewa komai lafiya, to alkawarin 1995 ɗin ne muke warwarewa, ko da sunan haɗin kan ƙasa muka yi. Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

Kada wani ya ɗauka raina zaɓen nake yi. Ranar 21 ga Fabrairun 2021, ranar zagaye na biyu, ma'aikatan hukumar zaɓe bakwai suka rasu a yankin Dargol, motarsu ta taka nakiya. Allah ya jiƙansu. Aikin da mutane suka ba da ransu a kansa bai cancanci rahoton son zuciya ba. Wata guda bayan haka, 21 ga Maris, aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. Ba na cewa sakin layina zai kare ko mutum ɗaya. Amma ranar da labarin ya iso, na zauna da rahoton a hannuna ina duba layin nan na "kwanciyar hankali", na kasa cin abinci. Shugaban namu bai kira ba, ba ranar ba, ba bayanta ba.

Da gwamnatin soja ta rusa majalisun gaba ɗaya a Afrilun 2024, a kasuwannin arewa da nake zuwa ban ji masu kuka da yawa ba. Wanda bai zaɓi kansila ba, da wuya ya yi takaicin tafiyarsa.

Sauran abin da na koya gajere ne. Ka ajiye kwafin duk abin da ka aika Yamai, nawa yana nan da kwanan watansa. Ka girmama direba, ya fi ka sanin hanyar da ba a bi bayan la'asar. Ka koyi gaisuwa da Tamashek da Fulatanci kafin ka fita daga gari. Kuma duk ranar da aka koma zaɓe, ku nemi a ƙara gurbi a takardar sa ido na adadin waɗanda suka zo da kati aka mai da su. Na sha neman haka a taro ana cewa sai wani jiƙon. Samfurin takardar na bar shi wajen sakatariya, wanda ya gaje ni ya karɓa.