Inda ake saita sanda a teburin sinuka

Na yi kusan shekara biyu ina buga sinuka a wani zaure da ke Agege kafin in gane cewa yawancin ƙwallayen da nake ɓararwa ba laifin hannuna ba ne, laifin wurin da nake saitawa ne. A Legas kusan duk teburi mai ramuka shida sinuka ake ce masa, har da ƙananan nan na bakin titi masu ƙwallaye masu lamba, amma wanda nake nufi shi ne babban, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, mai jajayen ƙwallaye 15 da masu launi shida, sai fara guda wadda ita ce ake bugawa da sanda. Ramukansa matsattsu ne, tazarar kuma tana da yawa, saboda haka kuskuren da bai wuce ƙwayar gero ba a wurin haɗuwar ƙwallaye biyu yakan zama faɗin yatsu biyu ko uku kafin ƙwallon ta isa bakin rami.

Abin da nake yi a da shi ne in nemo ɗigon da ke jikin jar ƙwallo, wanda ya ba rami baya, in miƙa kan sandata kai tsaye zuwa gare shi. Idan fara da ja da rami suna kan layi ɗaya, hakan yana ci. Da zarar an sami kwana kuwa, sai farar ta bugi jar da kauri fiye da yadda ake so, jar ta je ta daki gefen rami ta dawo. Wani dattijo mai harkar shanu a Oko-Oba, wanda yakan zo zauren bayan la'asar, shi ya gaji da kallona wata rana ya taso. Ya ɗauki shuɗiyar ƙwallo ya manna ta a jikin jar, ta yadda su biyun suka miƙe sak zuwa ramin, ya ce: “Ɗana, nan farar za ta kasance a lokacin da ta taɓa jar. Tsakiyar wannan za ka saita, ka rabu da jikin jar.” Na ce: “To Baba, idan ka ɗauke ta fa?” Ya ɗauke ta, ya dangwala yatsa a kan kyallen daidai inda ta zauna, ya ce in ci gaba da ganin ta a wurin.

Dalilin a fili yake idan an natsu. Faɗin kowace ƙwallo milimita 52.5 ne, kuma gefen farar ne ke taɓa jar, alhali sanda tsakiyar farar take turawa. Ke nan wurin da ya kamata tsakiyar farar ta nufa yana nesa da tsakiyar jar da faɗin ƙwallo guda cur, a kan layin da ya taso daga rami. Turawa na kiran wannan dabara fatalwar ƙwallo, tun da abin da ake saitawa ba ya nan sai a idon mai bugu.

Saita wurin da babu komai yana da wuya, shi ya sa masu wasa suke auna yawan jikin jar da farar za ta rufe. Idan ka saita tsakiyar farar daidai da gefen jar, wato bugun rabi, jar za ta kauce da kimanin digiri 30. Idan farar ta rufe kashi uku cikin huɗu, kaucewar kimanin digiri 14 ce, idan kuwa kwata kawai ta rufe, tana kusa da 49. A ganina bugun rabi ya fi cancanta a fara ƙwarewa a kansa, domin shi kaɗai ke da abin kallo na zahiri, wato gefen ƙwallon, sauran kuma ana gane su ne da cewa sun fi shi kauri ko sun fi shi siranta.

Abu na biyu da dattijon ya nace a kai shi ne cewa a tsaye ake saiti. Ka tsaya bayan farar, ka ga layin, ka ɗora ƙafar dama a kansa idan kai badame ne, sa'an nan ka sunkuya da sandar tana bin layin har haɓarka ta sauka a kanta. Idan ka sunkuya ka ji bai yi ba, ka miƙe ka sake, kada ka karkata sandar a ƙasa. Duk wanda ya kalli gasar duniya da ake yi a zauren Crucible na Sheffield a Ingila tun 1977 zai ga manyan 'yan wasa suna yin haka. A can ne Ronnie O'Sullivan ya ci maki 147 ba tare da ya ɓarar ko sau ɗaya ba a 1997 cikin minti 5 da daƙiƙa 8, ƙwallaye 36 a jere, kuma a irin wannan sauri babu lokacin lissafin digiri; yana ganin kwanar tun yana zagayowa.

Akwai kuma abin da damunar Legas ke jawowa. Idan iska ta yi laima, ga dattin alli da gumin hannu a jikin ƙwallaye, sukan ɗan riƙe juna lokacin haɗuwa, sai farar ta ja jar kaɗan zuwa inda ita ta dosa, musamman a bugun hankali. Saboda haka nakan goge ƙwallayen da tsumma kafin in fara, kuma a bugu mai laushi nakan sirantar da saitin kaɗan. Bugun gefen farar don murza ta kuwa na ajiye shi gefe, domin yana ture ta daga layi, kuma wanda bai iya buga tsakiya ba ƙara wa kansa matsala yake yi.

Yanzu nakan je zauren da safiyar Asabar kafin mutane su taru. Ina ɗora shuɗiyar a ɗigonta na tsakiyar teburi, in buga ta ramin tsakiya sau goma a miƙe, sa'an nan in matsar da farar zuwa bugun rabi ta dama da ta hagu, idona na kan shuɗiyar lokacin da sandar ta tafi, kaina kuma ba ya ɗagowa sai na ji ƙarar faɗawarta. Ta hagun ce har yanzu nake bugawa da kauri, ita nake maimaitawa sau ashirin.