Yadda na canza ƙwan fitilar caji a dashbod ɗin tsohuwar Fijo

Motata Fijo 505 ce, cikin waɗanda aka haɗa a Kakuri da ke Kaduna, inda kamfanin Fijo ya fara aiki a 1975. Mota irin wannan, idan ka murɗa makulli kafin ka buga sitata, jajayen fitilun dashbod sukan kama, su mutu bayan inji ya tashi. Motar na gwada su ne. A tawa ta baƙin mai tana kamawa, mai hoton batir kuwa, wato ta caji, shiru. A kwanakin nan kuma batir ya fara sanyi da safe, har sai yaran unguwa sun tura ni.

Na kai wa rewayana a Tudun Wada da nufin a duba altaneta, na'urar da ke cajin batir. Ya ɗora mita a kan batir, inji na silo, wuta ba ta wuce bolt 12 da ɗan kai ba. Da ya ba ta totur sosai sai ta haura 14 ta tsaya.

"Alhaji, altanetarka lafiya lau," in ji shi. "Ƙwai ne ya ƙone."

Ya yi mini bayani. A tsofaffin motoci da yawa, 'yar wutar da ke fara tayar da altaneta ta cikin ƙwan nan take bi. In zarensa ya tsinke, caji ba zai fara ba sai inji ya yi gudu. Mai yini cikin gosulo daga Kasuwar Barci zuwa titin Ahmadu Bello yana iya zuƙe batirinsa bai sani ba, tunda fitilar da za ta gaya masa ita ce ta mutu.

Aiki ya yi masa yawa ran nan, sai na ce zan yi da kaina. Na cire baƙar wayar batir tukuna. Wahalar duk tana wurin fito da allon mitocin. Robar ta sha rana da ƙurar hunturu shekara da shekaru, ta bushe ƙarau, ka matsa mata kaɗan sai ta ce ƙas. Na naɗe bakin sukundireba da tsumma, na bi ta a hankali. Allon ya fito kamar faɗin tafin hannu ya cije, saboda kebul ɗin mitar gudu na riƙe da shi ta baya. Sai da na zura hannu na lallaɓa na sake shi.

A bayan allon akwai wata siririyar leda mai layukan tagulla, ƙwayayen na jere a kanta, kowanne cikin 'yar robarsa. Murɗawa kaɗan zuwa hagu na cajin ya fito. Gilashinsa ya yi baƙi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ledar nan ita ce abin tsoro, in ta yage an shiga wani aikin.

Na sa shi a aljihu na tafi kasuwar Panteka. Wani yaron shago ya dage sai na ɗauki LED, wai ya fi haske, ba ya ƙonewa. Gaskiya ne, kuma ga hasken mitoci da dare ba laifi, in ka kula da cewa yana da fuska, in ka juya shi ba zai kama ba. Amma a gurbin caji ban yarda ba. Wutar da LED ke ja ta yi kaɗan, ba lalle ta tayar da altaneta ba. Na nemi mai zare, bolt 12, wat ɗinsa daidai da wanda na cire. Na ƙara da na baƙin mai da na zafin inji, tunda sa'o'in juna ne, kuma ba na son sake taɓa robar nan.

Kafin in mayar da allon na haɗa soket, na ɗaura batir, na murɗa makulli. Duk suka kama. Da inji ya tashi ta caji ta mutu nan take, ba tare da na taɓa totur ba. Washegari rewaya ya sake aunawa a silo, mita ta nuna 14.