Alwatika a ɗinkin kwilt: yadin da ke hannunka ke zaɓar hanya

Bargon haɗe-haɗe da Amurkawa ke kira kwilt sana'a ce da ta bunƙasa a wurinsu a ƙarni na 19, kuma awon da ake koyarwa a yau daga wurinsu ya fito, shi ya sa komai da inci ake lissafa shi. Wannan bai dami tela ba, da inci muka tashi. Abin da ya ja ni ga koyonsa buhunan ƙyallayen atamfa ne da ke taruwa a shago, yadi mai kyau da aka saya da tsada, ƙarshensa bola ko wuta.

Bambancin farko da ɗinkin kaya shi ne rarar da ake bari a bakin ɗinki. A riga muna barin rabin inci ko fiye, don a buɗe in mai ita ta yi ƙiba. A kwilt 1/4 na inci ne, ba ƙari ba ragi. Idan allura ta zarce da 1/16 kacal, haɗin ya ci 1/8, tunda ƙyalle biyu ya kama. Kafin a yi haɗi takwas a jere an yi asarar inci guda. Tef na manna a kan farantin keke, daidai 1/4 daga allura, yara na bin gefensa.

Murabba'i ba ya ba da wahala. Alwatika ce ke nuna gwani, kuma dalilin yana cikin saƙar yadin. Zare biyu ne, na tsaye da na kwance, in ka ja yadi ta ɗayansu da ƙyar yake motsi. Ja shi a karkace, ta bayas, sai ya miƙe kamar danƙo. Kowace alwatika kuwa dole gefenta ɗaya aƙalla ya faɗa a bayas. Saboda haka duk hanyar da aka nuna mini, tambayar da nake fara yi ita ce ina bayas ɗin zai kwana, cikin ɗinki ko a bakin waje.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta biyu a lokaci guda. A yanka murabba'i biyu, mai haske da mai duhu, a kifa su fuska da fuska, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗinke 1/4 a kowane gefen layin, sannan a yanka a kansa. In an buɗe, murabba'i biyu sun fito, kowanne alwatika mai haske da mai duhu a haɗe. An ɗinke bayas tun kafin almakashi ya taɓa shi, ba shi da damar miƙewa. Ƙa'idar awon ita ce a ƙara 7/8 a kan girman da ake so: mai neman inci 3 a cikin bargo zai yanka 3 da 7/8. Wannan 7/8 ba daga sama ya faɗo ba. Gefuna biyu na ɗaukar 1/4 kowanne, rabi ke nan, rarar da ke kwance a karkace kuma tana cin kusan 3/8. Ni 4 cif nake yankawa, in goge, in datse zuwa 3 da rabi. Aiki ya ƙaru, amma kusurwoyi na haɗuwa baki da baki, wannan kuwa shi mai saye ke fara gani.

Akwai ta huɗu a lokaci guda, wadda ake yabo saboda sauri: a ɗinke murabba'in kewaye, a yanka shi gicciye ta kusurwoyi. Ba na koya wa yarana ita. Duk gefunan waje huɗu bayas ne, daga guga ɗaya sun fara kaɗawa, kuma a kan waɗannan gefunan za a ɗora sauran bargon. Mai son yawa gara ta yi ta takwas. A ninka 3 da 7/8 sau biyu, a yanka murabba'i biyu masu 7 da 3/4, a kifa su, a ja layin kusurwa biyu, a ɗinke gefunansu, a yanka tsaye da kwance ta tsakiya, sannan a bi layukan. Takwas sun fito, kowacce bakinta na kan zare madaidaici. Sai dai tana son yadi mai faɗi, kuma duk takwas ɗin iri ɗaya ne, don haka ta fi dacewa da bargo mai kala biyu da aka sayo wa yadi musamman.

Buhun tela kuwa ba irin wannan ke cikinsa ba. Dogayen tsiri ne, ragowar gefen siket da hannun riga, wasu faɗinsu bai kai inci 4 ba. A nan ne rula mai siffar alwatika, irin Easy Angle, ta yi mini rana. Tsininta ɗaya a datse yake, saboda haka rabin inci kawai ake ƙarawa: tsiri mai 3 da rabi ya isa. A kifa tsiri biyu, a riƙa juya rular ana yanka, alwatikai na fitowa biyu-biyu a shirye. Illarta ita ce za a ɗinki bayas da aka riga aka yanka. Sitati nake sa wa yadin tukuna, in bar keke ya ja da kansa, hannu na shiryarwa kawai. Wata yarinyata ta taɓa tambaya, "Anti, tunda ta takwas ta fi sauri, me ya sa ba ma yin ta kullum?" Na zazzage mata buhun a kan tebur na ce, "Nemo mini mai inci 8 a ciki, 'yata."

Maganar rula tana tafiya da wuƙa mai taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. Rezarta na gara ne a jikin rula, don haka sai mai kauri, ta roba garai-garai da ake hango yadi ta cikinta; ta katako irin ta 'yan makaranta wuƙar za ta hau ta, yatsa na kusa. Masu sayarwa a intanet kowace siffa sun yi mata rularta, kuma da dala ake kawo su. A ganina biyu ne na dole: doguwa mai 6 da 24 don yankan tsiri, da murabba'i mai 6 da rabi wadda ke da layin digiri 45. A ɗora wannan layin a kan ɗinki, a datse gefe biyu, a juya, a datse sauran. Wata rula da ake kira Bloc Loc tana da rami a ƙasa da ke kama tudun ɗinkin don kada ta zame, kuma da gaske tana sauƙaƙa datsa in alwatikan sun kai ɗaruruwa, amma sai an kwantar da rarar gefe ɗaya. Mai buɗe ɗinki biyu wajen guga ba za ta amfana da ita ba. Tef mai ɗan kauri a bayan rula, a kan layin 45, yana yin kusan wannan aikin. Kuma rular da aka fara aiki da ita a gama da ita, domin kaurin layukan kamfanoni ba ɗaya ba ne.

Guga ma nata salon daban. A ɗora dutse, a danna, a ɗaga, ba a gurzawa kamar ana gugar shadda. Atamfa kuma a wanke ta kafin yanka, wata tana zuba, wata tana tsukewa, mai haɗin roba kuwa ba ta riƙe karin guga yadda ta auduga ke yi, ba na haɗa su a bargo ɗaya.

Siffar da ake kwatantawa da jerin dinya a sama, babbar alwatika tsakanin ƙanana biyu, faɗinta ninki biyu ne na tsayinta. Mai tsayi 2, faɗi 4, ana fitar da huɗu daga babban murabba'i mai 5 da 1/4 da ƙanana huɗu masu 2 da 7/8, ba tare da zubar da komai ba. Da ƙananan ƙyallaye kuwa sai a yanka mai tsayi 2 da rabi, faɗi 4 da rabi, a ɗora murabba'i mai 2 da rabi a kowace kusurwa, a ɗinke a karkace, a yanke rarar, a naɗe. Ko wacce aka bi, tsinin babbar alwatikar ya tsaya 1/4 daga baki, in ba haka ba haɗi na gaba zai cinye shi. Kafin in taɓa yadin aiki nakan ɗinka guda ɗaya na gwaji in auna wannan tsinin, in ya zauna sannan in ba yara izinin yanka sauran.