Ranar da kwamfutar makarantarmu ta daina ganin rumbun ajiyarta

Kwamfutar tebur ce tsohuwa mai Windows XP, kuma a cikinta kawuna ke ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa na wata makarantar Islamiyya a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Bayan hutu, cikin tsakiyar hunturu, aka kunna ta, sai ta tsaya a baƙin allo tana nuna cewa ba ta samu abin da za ta tashi da shi ba. Wani ya ba da shawarar a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows, amma Kawu ya ce mini: "Ɗana, aikin shekaru ne a ciki, ka duba ta a hankali kafin a goge komai." Ra'ayina ke nan tun farko, domin kwamfutar da ba ta ganin rumbu, wato na'urar da ke ajiye Windows da fayiloli, ba ta da wurin da za a ɗora mata sabon Windows, kuma idan rumbun ya dawo, fomatin ne zai hallaka abin da ake nema.

Na fara da shiga BIOS, wato shafin saituttukan kwamfuta da ke zuwa kafin Windows ta tashi, wanda a yawancin irin waɗannan na'urori ake shiga ta danna F2, F10 ko Del da zarar an kunna. A jerin abubuwan da ke haɗe babu sunan rumbun, sannan kwanan wata ya koma shekaru da dama baya. Wannan alama ce ta mutuwar ɗan ƙaramin batirin da ke kan madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa), mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3, wanda shi ne ke riƙe agogo da saituttuka idan an zare wuta. Na saya na canza, amma rumbun bai bayyana ba.

Daga nan na zare wayar wuta, na buɗe akwatin, na fara dafa ƙarfen jikinsa kafin in taɓa komai, saboda a busasshiyar iskar hunturu jikin mutum kan tara lantarkin da zai iya lalata sassan ciki. Ƙura ta yi dam a kan fanka har ta koma ja. Bayan na kakkaɓe, na mayar da wuta na ɗora yatsa a bayan rumbun. Wannan gwaji ne da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, ga shi ba ya cin ko sisi. Lafiyayyen rumbu yana ɗan girgiza a ƙarƙashin yatsa idan faifansa ya fara juyawa. Wanda ke ƙara ƙas-ƙas a kai a kai galibi ya samu rauni a ciki, kuma ci gaba da kunna shi ƙara masa lahani yake yi. Namu shiru ya yi, ko motsi babu, abin da ya sa na karkata ga batun wuta.

Wayoyi biyu ne ke shiga irin rumbun namu, wanda ake kira SATA: siririya mai haƙora 7 ta bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Ta wutar a nan an jona ta ne da wani ɗan mahaɗi daga tsohon soket mai ramuka huɗu, kuma da na duba kusa, sai na ga ƙarfen jar wayar, mai kawo bolt 5, ya zame baya daga raminsa. Na ciro wayar da ke ba na'urar faifan CD wuta na soka wa rumbun. Nan take na ji ya juya, BIOS kuma ta nuna sunansa da girmansa.

Aikin bai ƙare a nan ba, domin Windows ta fara tashi sai ta faɗa shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Mutuwar batirin ta mayar da saitin yadda kwamfutar ke magana da rumbu zuwa sabon yanayi mai suna AHCI, alhali an ɗora XP ɗin ne a tsohon yanayi mai suna IDE, kuma XP ɗin ba ta da direba, wato ƙaramar manhajar da za ta sa ta gane sabon yanayin. Da na mayar da saitin, ta buɗe lafiya lau.

Kafin in ɗaura ko noti ɗaya, na kwashe fayilolin makarantar zuwa filash, na kuma ajiye kwafi na biyu a wata kwamfutar. Na shaida wa Kawu cewa tallafin XP ya ƙare tun Afrilun 2014, don haka kada a haɗa ta da intanet. Na'urar CD ɗin kuwa na bar ta ba wuta, tunda ba a amfani da ita.