Yau jirgin ya shiga ruwa

Yau muka tura tsohon jirgin katakon nan da na saya cikin ruwa, karon farko tun da aka fara gyaransa. Ba a jima ba sai ga ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katakan ƙasa, daidai inda aka cusa auduga aka toshe. Wallahi gabana ya faɗi. Na ɗauki bokiti na hau kwasa, zuciyata tana ta tuno wahalar kankare tsohon fenti da zare ƙusoshin da tsatsa ta cinye. Kafintan da ya yi aikin kuwa ko gezau. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Jirgin ya daɗe a tudu, katakon ya bushe ya tsuke. Bari ya sha ruwa ya kumbura, da kansa zai matse." Ya ce da gangan bai danna audugar sosai ba, domin in katako ya kumbura bai sami wuri ba, sai ya lanƙwashe ko ya fizge ƙusa.

Kafin la'asar yoyon ya ragu ƙwarai, har na ajiye bokitin na zauna a ciki. Sauran aiki na nan, ba a ɗaura inji ba, bencin baya ma sai an sake shi. Amma tun ranar da na biya kuɗinsa, sai yau na ji a raina cewa jirgin nan nawa ne.